Ba a Waiwaye a Gurbin Gana

Duk wanda ya tashi a fadamar da ke tsakanin Auyo da Haɗeja ya san dokar Gurbin Gana tun kafin ya iya riƙe filafili. Idan kwale-kwale ya iso tsohuwar giyayyar nan da ta sunkuya kan ruwa, sai a tsame filafili a ɗora a cinya, a yi gum da baki, a bar ruwa ya ja jirgi da kansa har a fita wancan gefen. Ba a magana, ba a tari in da hali, uwa uba kuma ba a waiwaye. Wace ce Gana? Oho. Wasu su ce wata Babarbariya ce da ta nutse da tulunta, wasu su ce sunan ya girmi ƙauyukan da ke kewaye. Abin da kowa ya yarda da shi ɗaya ne, gurbin ba ya mayar da abin da ya karɓa. Ko a shekarun fari, da kogi ya ƙafe har jakuna suna ratsa shi da kaya, Gurbin Gana yana nan baƙi ƙirin, shanu ma ba sa shan ruwansa.

A daminar shekarar da aka samu 'yancin kai gurbin ya karɓi Shu'ibu, yayan Haladu. An tsinci goransa na su yana yawo a bakin ciyawar burugu, an tsinci komarsa ta kamun kifi, shi kuwa ko hularsa ba a gani ba. Shu'ibu ɗan fari ne, ga uwarsu Iya da jinin Fulani, kunyarta ta fi ta kowa. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "yayanka". Ba ta kallonsa ido cikin ido. In yana son magana da ita sai ya zo ta baya ya ɗan taɓa gefen zanenta, ta ce "Mene ne?" fuskarta na wani wajen. Ranar da aka kawo goran gida mata suka cika tsakar gida da kuka, Iya kuwa ta ɗauki tsintsiya ta hau shara. Mutane suka ce kai, wannan mata akwai tawakkali. Ta rataye goran da komar a ɗakinta, ba ta ƙara maganar ba.

Haladu shi ne auta. Allah ya ba shi zuciya mai kyau, ya kuma haɗa masa da rawar kai. Lokacin da farin nan ya kori masunta sai ya bi 'yan'uwa zuwa Tafkin Chadi, da ruwa ya dawo shi ma ya dawo, da jirgin katako mai yankakken gindi da wani tsohon inji da ya saya hannun wani Bajukune. Ranar da ya fara tayar da shi a mashayar ƙauye, kirinjijiya suka tashi suka rufe sama, tsofaffi suna toshe kunne suna salati. Tafiyar da ake yi wuni guda da filafili zuwa kasuwar Haɗeja, Haladu kan yi ta kafin kunun safe ya huce a ciki.

To a jikin maƙalin injin, inda ake ɗaure shi da katakon baya, akwai 'yan ramuka a jere da wata doguwar ƙusa da ake zurawa. Ramin da ka zura ƙusar shi ke faɗa wa ƙafar injin yadda za ta tsaya a cikin ruwa. In ƙusar tana kusa da katako, ƙafar ta matso ƙarƙashin jirgi, goshin jirgi ya kwanta. In ka kai ta ramin ƙarshe, ƙafar ta yi baya, goshi ya ɗaga sama, gindi ya lotsa cikin ruwa. Haladu ya gwada su duka, ya ga ramin ƙarshe shi ke sa jirginsa ya ɗaga kai kamar ingarma, sai ya ce ai nan ne gidanta. Bai tsaya nan ba, kwandunan kifin banda ma a baya yake jera su kusa da ƙafarsa, don goshin ya ƙara tashi 'yan mata a mashaya su gani.

Amma fa kada a zalunce shi, Haladu bai taɓa raina Gurbin Gana ba. Ina zai raina wurin da yayansa yake kwance? Ya zauna ya yi lissafinsa: inji ba filafili ba ne da za a tsame, amma ana iya rufe masa baki. Saboda haka sai ya zo da gudunsa har gindin giyayya, daidai inda kakanninsa ke ɗaga filafili, ya kashe inji farat ɗaya, ya kafe idonsa a gaba.

Ranar farko da ya yi haka da hantsi ne, rana fes, ba iska ko ta kaɗa ganye. Ƙarar inji ta yanke, shiru ya faɗo masa a ka. Jirgin ya dafe kamar an riƙe shi. Sai ya ji ɗum a katakon baya, gindin jirgi ya ɗaga kamar wani ya dafa da hannu biyu zai hau, wani abu mai sanyi ya shafo shi daga ƙugu zuwa tsakiyar baya. Tsigar jikinsa ta tashi. Wuyansa ya so ya juya, ya danne shi da ƙarfin tsiya. Bakinsa na motsi da addu'a ba sauti har ruwa ya fitar da shi wancan gefen. Da ya shafa bayan rigarsa ya ji ta sharkaf, ga ruwa a ƙasan jirgi yana wasa da yatsun ƙafarsa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ce wa ransa wata giwar ruwa ce ta bugi katako da jela. Da dawowa da yamma aka sake. Kasuwa ta zagayo aka sake. Kullum a wuri ɗaya, kullum bayan ya kashe inji da ɗan numfashi kaɗan, kamar mai abin yana jira ne a yi shiru tukuna. Abin da ya fi tsorata shi kuwa, masu filafili suna wucewa ta nan safe da yamma, ba wanda aka taɓa. Shi kaɗai ake bi. Haladu ya fara rama. In yana cin tuwo aka wuce ta bayansa sai ya zabura, ya koma zama yana jingina da bango.

Asiri ya tonu ranar da abokinsa Adamu ya roƙi a rage masa hanya da buhunan shinkafa. Haladu ya jera buhunan a baya yadda ya saba, Adamu ya zauna a kansu. Jirgi ya yi nauyi, katakon baya saura kaɗan ya sha ruwa, goshi kuwa yana kallon sama. Suka iso giyayya, Haladu ya kashe inji. Wannan karon ba shafa aka yi ba. Ruwa ya haura katako gaba ɗaya, ya rufe kan injin, ya zubo musu har gwiwa, jirgin ya karkata yana neman kifewa. Adamu, ƙato mai gemu, ya cusa hularsa a baki don kada ihu ya kuɓuce masa. Haka suka yi ta kwarfar ruwa da ƙwarya, idanunsu a gaba, ba wanda ya ce uffan, gurbin kuwa yana jansu a hankali kamar ba ya son rabuwa da su. Da suka fita Adamu ya tofar da hula ya ce, "Haladu, wallahi na ji shi. Ta bayana ya hawo. Ko da kuɗi aka haɗa ni ba na ƙara shiga jirgin nan."

Kafin magariba labari ya gama ƙauye. Shu'ibu ne, in ji mata a bakin rijiya, ƙarar inji ta tashe shi yana neman ɗan'uwansa. Sarkin Ruwa ya aiko a ce wa Haladu ya jingine injin har a ga abin da Allah zai yi. Haladu ya shiga gida a sanyaye yana jiran faɗan Iya. Ya same ta zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa.

"Auta," ta ce, ba ta ɗago ba. "Abin da ake faɗa gaskiya ne?"

"Iya, surutun mutane ne kawai."

"A ina yake taɓa ka?"

Haladu ya nuna bayansa. Iya ta daɗe tana kallon wurin, kallon da bai taɓa gani a idonta ba, kamar mai jin yunwa ta hangi abinci a hannun wani.

"Ba kai yake nema ba," ta ce. "Ranar da zai fita ya zo ya yi mini sallama, akwai baƙi a gidan, ban amsa ba. Za ka kai ni."

Duk tsoron da Haladu ya sha a gurbin bai kai na wannan magana ba. Iya ba ta iya iyo ba, ko mashaya rabonta da zuwa tun ranar da aka kawo goran. Kuma yadda ta faɗi maganar, ba ta yi kama da mai shirin zuwa ta dawo ba. Ya ce mata inji ya sha ruwa, ba ya tashi. Ta ce to a gyara, ita ba ta gaggawa, ta jira shekaru ma balle kwanaki.

Injin kuwa da gaske ya sha ruwa. Haladu ya tuƙa jirgin da filafili har Haɗeja, ya bi ta Gurbin Gana, ba abin da ya taɓa shi. Ya kai injin wurin Ja'afaru, wani makanike mai ido ɗaya da ya yi zaman Baga a bakin Tafkin Chadi yana gyaran injunan jirage, yanzu ya kafa rumfa kusa da bakin kogi yana haɗawa da gyaran kekuna. Ja'afaru ya kwance filogi, ya zazzage ruwa, ya tambayi yadda aka yi inji ya yi wanka. Haladu ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya rage murya ya faɗi komai. Ja'afaru bai yi dariya ba, don shi ma uwarsa 'yar fadama ce. Ya dai sunkuya ya dubi maƙalin injin, ya ga inda ƙusar take, ya dubi Haladu da idonsa mai gani.

"Wa ya sa maka ita a nan?"

"Ni na sa."

"Sannu, ingarma. Tashi mu je ruwa."

Suka fita inda kogi ya yi faɗi, nesa da kowane gurbi. Ja'afaru ya ce ya tuƙa yadda ya saba. Haladu ya murɗa totur, goshi ya tashi, gindi ya lotsa. Ja'afaru ya daka masa tsawa ya kashe, ya kashe. Saboda sabo sai ya kafe ido a gaba, Ja'afaru ya kama kan Haladu da hannu biyu masu baƙin mai ya murɗa shi baya.

"Waiwaya, malam! Nan ba gidan Gana ba ne."

Haladu ya gani da idonsa. Ruwan da jirgin ya tura ya taru a baya ya yi tozo, yana biye da su a guje. Jirgi ya tsaya, shi bai tsaya ba. Ya zo ya daki katako ɗum, ya ɗaga gindin jirgin, ya watso musu a cinya. Sanyin nan ne dai, ba wani ba.

"Ga aljaninka," in ji Ja'afaru. "Kai ka haife shi, kai kake goyonsa. In kana gudu gindinka a nutse, rami kake haƙawa a ruwa, ruwa kuwa ba ya barin rami. Ka tsaya farat ɗaya, dole ya zo ya cike shi a kanka. Da ka taɓa waiwayawa sau ɗaya da ka gan shi tuntuni."

"Ba a waiwaye a can."

"Na sani. Shi ya sa ban zage ka ba."

Ja'afaru ya zare ƙusar ya dawo da ita kusa da katako, ya sa Haladu ya mayar da galan ɗin fetur da duk wani nauyi tsakiyar jirgi. Ya ce ramin ƙarshe na jirgi ne marar kaya a buɗaɗɗen ruwa irin na Chadi, inda mutum zai yi ta gudu ba tsayawa. Mai kaya, mai ratsa lunguna, goshinsa a kwance ake so. Sannan ya koya masa tsayawa: a sassauta totur kaɗan-kaɗan tun daga nesa, a bar jirgi ya sauko ya zauna, in an ji tozon ya iso a ɗan ƙara wuta ya wuce ta ƙarƙashi, sai a kashe. Suka gwada har Haladu ya iya. Ruwan ya riƙa zuwa yana ɗaga su a hankali yana wucewa, ko ɗigo bai shigo ba. Haladu ya yi dariya har da hawaye, rabonsa da dariya tun farkon damina. Ya ji kunya, ya ji daɗi, can ƙasan ransa kuma ya ji wani abu kamar rashi, wanda bai san sunansa ba.

Da ya isa gida ya durƙusa gaban Iya ya zayyana mata komai, har da kwatance da hannu, ga tozo ga katako. Ta saurare shi har ya gama.

"Makaniken nan ya san inji," ta ce. "Ya san yayanka?"

"Iya, da idona na gani."

"A gurbin ka gani?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Gobe da hantsi za ka kai ni. Inda kake zama nan zan zauna. Kuma ka tuƙa yadda ka saba tuƙawa, kada ka canza komai. Ban taɓa roƙonka wani abu ba, Auta."

Wannan gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Wa ya isa ya ce wa uwarsa a'a a kan magana irin wannan?

Da safe Haladu ya riga ta zuwa mashaya. Ya tsuguna a gindin jirgi da ƙusar a hannunsa, yana kallon ramukan. In ya sa ta a ramin ƙarshe ya bi umarnin Iya, za ta ji abin da take so ta ji, ta ɗauka ɗanta ne. Amma ga nauyin mutum biyu a baya, ya kuma ga abin da ya faru ranar Adamu. Ko ruwan bai kifar da su ba, ya san Iya: in ta ji an taɓa ta, za ta miƙa kanta. In kuma ya sa ta kusa da katako, ya yaudari uwarsa, ya kai ta ƙofar ɗanta ya dawo da ita hannu rabbana. Ya juya ƙusar a tafinsa har ta yi ɗumi. Da ya hango Iya tafe cikin wankakken farin zane, wanda take ajiyewa a ƙasan adaka, sai ya zura ƙusar kusa da katako, ya ɗauko wani dutse babba ya ajiye a goshin jirgi ya rufa masa taru.

Iya ta shiga. Ta zauna a kan katakon zama na baya, kafaɗarta na gogar tasa. Suka kama hanya ta cikin burugu da gonakin shinkafa da ruwa ya shanye, balbelu suna tashi a gabansu. Masunta masu jefa birgi suka bi su da kallo, wani ya ɗaga hannu zai gaishe su ya fasa. Iya tana zaune ƙyam, hannuwanta a cinya.

Tun giyayyar tana can nesa kamar ƙullin hayaƙi Haladu ya fara sassauta totur. Jirgi ya sauko ya zauna. Ya ji tozon ya iso, ya ɗan ƙara wuta, ya wuce ta ƙarƙashinsu ba tare da Iya ta lura ba. Don tsabar tsoro ma ya wuce abin da Ja'afaru ya koya masa. Ya kashe inji tun kafin giyayya, ya ɗaga ƙafar injin daga ruwa, ya riƙe wani reshe ya tsaya har duk wani motsi ya mutu, ruwa ya kwanta lumui a gaba da baya. Iya ta juyo ta dube shi. Ta gane. Ba ta ce komai ba, don sun riga sun shiga inuwar giyayya, amma kallon ya shige shi har ƙashi. Ya saki reshen.

Ruwa ya ja su ciki. A nan launinsa ya juya daga ja zuwa baƙi, sanyi ya taso daga ƙasa ko da yake rana ta yi zafi. Kukan tsuntsaye ya tsaya a bayansu kamar an rufe ƙofa. Jirgin ya yi ta tafiya a hankali, a hankali, da suka kai tsakiyar gurbin sai ya tsaya cak. Haladu bai taɓa ganin haka ba, ko da yake bai taɓa shigowa ba tare da sauran gudu ba. Ga filafili a ƙafarsa, ba damar taɓawa. Wani busasshen ganye yana kan ruwa kusa da su, shi ma ko motsi.

Iya ta rufe ido, ta miƙe bayanta, tana jira. Haladu yana jin numfashinta. Aka daɗe. Ba ɗum, ba sanyi, ba komai. Ya ga kafaɗunta sun fara saukowa, ya ga tsufa ya hau fuskarta a gabansa. Tausayinta ya kama shi har ya ji da ma ƙusar tana ramin ƙarshe. Shi ya yi mata wannan, da hannunsa.

Sai Iya ta buɗe ido, ta juya gaba ɗaya, ta fuskanci baya.

Haladu ya ji kamar ransa zai fita. Ya kafe ido a kan dutsen da ke goshin jirgi, ya lalubo gefen zanenta ya naɗe a hannunsa ya riƙe da duk ƙarfinsa. Yana jin ta tana sunkuyawa kan katakon baya, zanen yana ɗamewa, gindin jirgi yana lotsawa.

"Shu'ibu."

Tun da aka haifi Haladu bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya fito a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya bi kan ruwa ya je ya dawo.

"Shu'ibu, ni ce. Na ji sallamarka ranar nan. Na ji, kunya ce ta hana ni." Muryarta ta karye. "A dawo lafiya, ɗana. Abin da ban ce ba ke nan."

Sai kuka, kukan da ta share da tsintsiya shekara da shekaru. Jikinta duka yana girgiza, zanen yana zamewa a hannun Haladu, yana ƙara naɗewa. Ya ji hannunta ya shiga ruwa. Ya ce a ransa in ta tafi tare za su tafi, don ba zai saki ba. Hawaye na zubo masa, bai waiwaya ba.

Can sai ya ji wani abu ya taɓa katakon baya. Ba duka ba ne, taɓawa ce 'yar kaɗan, kamar yadda ake ƙwanƙwasa ƙofar mai barci. Gindin jirgin ya ɗan ɗaga ya sauka. Ganyen nan da ke gefensu yana nan inda yake, bai motsa ba, amma jirgin ya fara tafiya. Inji a kashe yake, ƙafarsa a sama, tozon da Haladu ya haifa ya mutu tun a wajen giyayya, da hannunsa ya jira ya mutu. Babu iska. Jirgin ya ci gaba da tafiya, santsi, kai tsaye, har baƙin ruwa ya koma ja, kukan kirinjijiya ya dawo kunnensa.

Zanen ya saki. Iya ta juyo ta zauna daidai, ta goge fuska da gefen mayafi. Hannunta na dama a jiƙe yake har gwiwar hannu, ta ɗora shi a cinya ta rufe shi da na hagu. Ta dubi yatsun Haladu da suka ƙage a zanenta.

"Sake ni mana, Auta, za ka yaga mini zane. Ina za ni?"

Ya saki da ƙyar. Bai tayar da inji ba, sai ya ɗauki filafili ya zagaya da su ta doguwar hanya, ta cikin gonaki. Suna gab da mashaya, ga mutane sun taru a bakin ruwa suna hange, Iya ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"In ka koma Haɗeja ka ce wa makanikenka ya yi gaskiya. Ba yayanka ne yake jiƙa ka ba."

Haladu ya tsayar da filafili.

"Shu'ibu ba ya yi wa mutum da ƙarfi," ta ce. "Tun yana yaro, a hankali yake taɓa ni."